Kadmiyam a Cikin Asid ɗin Taki: Yadda Wata Masana'anta a Gabashin Saudiyya Ta Shawo Kan Matsalar

Masana'antar da kayan aikinta

Masana'antar da wannan nazari ya shafa tana cikin ɗaya daga garuruwan masana'antu da ke gaɓar Tekun Fasha, a Yankin Gabas na ƙasar Saudiyya. Matsakaiciya ce, kuma ba ta cikin manyan wuraren sarrafa fosfat na ƙasar, wato Ras Al-Khair da ya fara aiki a 2011 da duwatsun da jirgin ƙasa ke kawowa daga Al-Jalamid, da Wa'ad Al-Shamal da ke kusa da Turaif, wanda ya biyo baya a 2017. Ita ba ta haƙar dutse, ba ta kuma dafa shi. Asid ɗin fosforik take saye a shirye, wani daga cikin gida, wani kuma ta jirgin ruwa a hannun dillali, ta haɗa shi da amoniya ta samar da takin MAP, wato fosfat na amoniya, sannan ta gauraya shi da wasu sinadarai ta fitar da takin NPK iri-iri.

Asid ɗin da ake yin taki da shi ana samunsa ne idan aka niƙa dutsen fosfat aka zuba masa asid na farar wuta. Abu biyu ke fitowa: asid ɗin fosforik, da jifsam, wato farin gari mai kama da alli, mai yawa, kimanin tan 5 a kan kowane tan ɗaya na P2O5, wanda shi ne ma'aunin fosfat a harkar taki. Bayan an tace jifsam, asid ɗin kan fito da ƙarfin kashi 28 zuwa 30 cikin 100 na P2O5, sai a ƙafar da ruwansa har ya kai kashi 52 zuwa 54, wanda shi ne na kasuwa. Duk abin da ke cikin dutsen da asid zai iya narkarwa yana biyo shi: baƙin ƙarfe, sanholo, magnesiyam, fulorin, da kuma ƙarafa masu guba irin su kadmiyam, arsenik da dalma. Yawan kadmiyam ya danganta da asalin dutsen. Wanda ya samo asali daga narkakken dutsen ƙarƙashin ƙasa, kamar na Kola a Rasha da na Phalaborwa a Afirka ta Kudu, kadmiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya taru a ƙasan tsofaffin tekuna ya fi shi yawa, kuma na Taiba a Senegal da na Togo suna cikin waɗanda aka sani da wannan.

Mutum biyu ne suka riƙe aikin daga farko har ƙarshe. Ɗaya injiniyan sinadarai ne da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ya yi karatu a Wad Madani. Ɗayan kuma dattijo ne mai kula da tankuna da ma'aikatan dare, daga Hausawan Makka da kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna. Da Larabci suke rubuta rahoto, amma a bakin tanki da Hausa suke magana, injiniyan yana kiran dattijon Baba, shi kuma yana ce masa Muhandis, wato injiniya da Larabci.

Farkon matsala: kayan da aka ƙi karɓa

A ranar 16 ga Yuli 2022 dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/1009 ta fara aiki. Ta kafa iyakar miligiram 60 na kadmiyam a kowane kilogiram na P2O5 ga takin fosfat da zai ɗauki hatimin Tarayyar, ta kuma ba da damar rubuta cewa taki mai ƙarancin kadmiyam ne idan bai wuce miligiram 20 ba. Dalilin dokar sananne ne. Kadmiyam da aka zuba a gona ba ya ruɓewa, shuka tana zuƙarsa, kuma idan ya shiga jikin mutum yana taruwa a ƙoda, inda yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A Toyama ta ƙasar Japan, ruwan kogin Jinzu da haƙar ma'adinai ta gurɓata ya shayar da gonakin shinkafa, mutane suka kamu da cutar itai-itai mai lalata ƙoda da ƙashi, har gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi.

Bayan 'yan watanni, wani mai saye a Turai ya sa aka gwada kayan da masana'antar ta aika masa, sakamako ya nuna kadmiyam ya ɗan haura 60, sai ya ƙi karɓa. Shugabannin masana'antar sun fara ɗaukar abin a matsayin kuskuren gwaji, domin takardar da dillali ya haɗo da asid ɗin ta nuna adadin da bai kai ko kusa da 60 ba. Injiniyan ya sake gwada samfurin da aka ajiye, ya ga mai sayen ne ke da gaskiya, ya kuma gano inda aka rabu. Takardar dillali tana lissafi ne a kan kilogiram na asid gaba ɗayansa, da ruwansa da komai, dokar kuwa a kan kilogiram na P2O5 take lissafi. Asid mai kashi 54 da ke ɗauke da miligiram 35 a kilogiram, idan aka raba 35 da 0.54, zai ba da kusan 65. Wato duk asid mai wannan ƙarfi da ya wuce miligiram 32.4 a kilogiram ya riga ya tsallake iyaka tun kafin amoniya ta taɓa shi. Da aka bi sawu, sai aka tarar dillalin ya sauya inda yake samo kaya, kuma babu wanda ya sa ido, tun da launin asid ɗin da ƙarfinsa ba su canja ba. Arsenik ma ya ƙaru, ko da yake bai kai iyakar miligiram 40 a kilogiram na busasshen taki da dokar ta kafa ba.

Wata na farko da na biyu: gauraya da kwantarwa

Abin da aka fara yi shi ne gauraya asid mai kadmiyam da na cikin gida wanda nasa kaɗan ne. Wannan ya saukar da adadin nan take, amma kason da masana'antar ke samu daga mai tsabtar ƙayyadadde ne, kuma akwai yarjejeniyar sayen ɗayan da ba a iya warwarewa ba tare da asara ba. Cikin makonni kaɗan mai tsabtar ya kusa ƙarewa, tankunan ɗayan kuma suna nan cike.

Sai aka gwada kwantar da asid ɗin a tanki na kwanaki, a kwashe na sama a bar lakar da ta taru a ƙasa. Laka ta taru sosai, ta jifsam da gishirin fulorin da fosfat na baƙin ƙarfe, asid ɗin kuma ya yi garau a ido. Da aka gwada, kadmiyam yana nan kusan yadda yake. A narke yake cikin asid, kamar gishiri a ruwa, wanda ko an bar kwanon ya kwana yashi ne kawai zai kwanta.

Wata na uku: gwajin salfaid

Hanyar da injiniyan ya fi sani ita ce ta salfaid, wadda aka daɗe ana cire arsenik da ita daga asid ɗin fosforik. Ana zuba sodiyam salfaid a cikin asid, ya haɗu da ƙarfen ya zama gari marar narkewa, a tace shi. A ƙaramin tulun gwaji an ga gari ruwan ɗorawa ya bayyana, aka yi murna, domin salfaid na kadmiyam ma ruwan ɗorawa ne. Gwaji ya nuna cewa garin na arsenik ne da farar wuta da ɗan jan ƙarfe. Arsenik ya sauka sosai, kadmiyam kuwa da kyar ya motsa. Dalilin yana cikin halin sinadaran biyu: salfaid na arsenik yana jure asid mai ƙarfi, na kadmiyam kuma yana sake narkewa idan asid ya yi ƙarfi da zafi, musamman a buɗaɗɗen tanki inda iskar salfaid ke tserewa kafin ta yi aiki.

Da aka ƙara yawan sinadarin a tankin gwaji don a tilasta wa kadmiyam, sai iskar haidirojin salfaid ta tashi. Wannan iska tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, amma idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take taruwa. A wannan dare na'urar gargaɗi da ke maƙale a ƙirjin wani matashin ma'aikaci ta fara ƙara yana tsugune kusa da ramin famfo. Dattijon ya fizge shi ta kwalar riga ya tura shi ɓangaren da iska ke tasowa, ya kashe famfon, ya hana kowa sauka ramin har gari ya waye. Ba wanda ya ji rauni. Da safe ya ce wa injiniyan, "Muhandis, in za a sake wannan aiki, sai an rufe tankin an ja iskar zuwa ruwan soda, in ba haka ba yarana ba za su tsaya a wurin ba." Aka dakatar da gwajin har aka yi hakan.

Wata na huɗu da na biyar: rezin, da hanyoyin da aka ajiye

An koma ga rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba da ke kama ƙarfe su saki wani a madadinsa. A kwanakin farko asid ɗin da ya fito daga bututun gwaji ya yi kyau. Kafin mako ya cika sai kadmiyam ya fara wucewa, gudun asid ya ragu, da aka buɗe bututun aka tarar ƙwayoyin da suka shiga da launin zuma sun koma baƙi-baƙi, sun dunƙule da jifsam. Baƙin ƙarfe da sanholo da magnesiyam sun ninka kadmiyam ɗaruruwan sau a cikin asid ɗin kasuwa, su ne suka cike guraben, ragowar abubuwan halitta da ke cikin dutsen kuma suka lulluɓe sauran. Akwai dabarar ƙara kulorid domin kadmiyam ya koma siffar da wani nau'in rezin ke zaɓa, amma kulorid a cikin asid mai zafi yana cin bututun ƙarfe marar tsatsa, kuma mai kula da gyare-gyare bai amince ba.

Wasu hanyoyi uku an tattauna su an ajiye. Gasa dutsen fosfat a zafin da ya haura digiri 850 yana kore kadmiyam, wanda ke tafasa a digiri 767, amma wannan aikin mai dutse ne, kuma yana cin makamashi. Kama kadmiyam a cikin ƙwayar jifsam marar ruwa yana buƙatar a sake fasalin masana'antar asid, wadda wannan wuri ba shi da ita. Tsarkake asid da ruwan sinadari irin wanda ake yi wa asid ɗin da ake sawa a abinci da lemon kwalba yana fitar da kaya mai tsabta ƙwarai, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ribar taki.

Hunturu: sinadarin da ya yi aiki

Abin da ya rage shi ne rukunin sinadarai masu ƙwayar farar wuta biyu a jikin fosforas, waɗanda ake kira ditayofosfat da ditayofosfinat, kuma an san su a aikin tace ma'adinai. Suna kama kadmiyam ko a cikin asid mai ƙarfi, su zama wani abu mai maiƙo marar narkewa, wanda ake kamawa da garin gawayi da aka sarrafa sannan a tace. An gwada a watannin sanyi, da asid ɗin da aka riga aka kwantar, aka kuma sirka shi da ruwa zuwa wajen kashi 40, wanda dama shi ne ƙarfin da tankin haɗa amoniya ke karɓa, don haka sirkawar ba ta jawo wani kuɗi ba, ta kuma rage kaurin asid ɗin ta sauƙaƙa tacewa. Kadmiyam ya sauka ƙasa da 20. Aka maimaita, sakamakon bai canja ba. Masana'antar ta kafa tankin gaurayawa da matatar matsi, ta fara tsabtace wani kaso na asid ɗin tana haɗa shi da sauran, aka koma aika kaya Turai.

Bazara: komawar matsala

Da zafi ya shigo, sakamakon ya fara lalacewa. Sinadari iri ɗaya, awo iri ɗaya, amma kadmiyam ɗin da ke fitowa daga matata yana hawa mako bayan mako, ga kuma warin salfaid a kusa da tankin duk da ba a zuba salfaid ba. An ninka sinadarin, abin ya ɗan gyaru, kuɗi kuma ya ninka. An zargi wanda ya sayar da shi, aka gwada sabuwar ganga da tsohuwa a ɗakin gwaji mai sanyi, dukansu suka yi aiki daidai.

Dattijon ne ya lura da abin da takardu ba su nuna ba. Ya ce kayan da aka tace da asuba sun fi na la'asar kyau, kuma tun shekarun da ya yi yana aikin tankuna ya san tankin da ke fuskantar yamma ba a iya ɗora masa hannu bayan azahar. Injiniyan ya fara rubuta sa'ar da aka ɗebi kowane samfur, ya jera sakamakon wata biyu bisa ita, ya sa ma'aunin zafi a tankin, sai maganar ta tabbata. A wannan gaɓa zafin iska kan haura digiri 45 a Yuli da Agusta, ruwan tekun da ake sanyaya injuna da shi ma yakan wuce digiri 30. Zafi yana yin ɓarna biyu: yana rusa sinadarin a cikin asid, wanda shi ne asalin warin, kuma yana sa abin da aka riga aka kama ya saki kadmiyam ya koma narkewa, musamman idan aka jinkirta tacewa. A lokacin ana barin cakuɗen ya jira sa'o'i kafin matata ta samu sarari.

Binciken ya fito da abu na biyu. Jirgin da ya zo a bazara ya kawo asid mai ƙarin jan ƙarfe, kuma sinadarin ya fi son jan ƙarfe a kan kadmiyam, sai ya gama da shi kafin ya waiwayi wanda aka sayo shi dominsa. Baƙin ƙarfe ma, a siffarsa mai caji uku, yana lalata sinadarin ya mai da shi marar amfani.

Gyaran da aka yi ya bi waɗannan dalilai. An yi wa tankunan rumfa da rufin hana zafi, aka sa injin sanyaya a kan layin da ake tsabtacewa, aka mayar da aikin zuwa dare a watannin zafi. An dawo da salfaid, amma kaɗan, a rufaffen tanki mai jan iska zuwa ruwan soda, kuma a gaban sinadarin, inda yake kwashe arsenik da jan ƙarfe, ya kuma mayar da wani ɓangare na baƙin ƙarfe zuwa siffa mai caji biyu. Aka taƙaita lokacin da ke tsakanin zuba sinadari da tacewa. Kafin ƙarshen bazara adadin ya koma inda yake a hunturu, da sinadari ƙasa da wanda aka fara da shi.

Kaka: ina za a kai dusar matata

Duk kadmiyam da arsenik da aka cire yanzu suna cikin baƙar dusar da ake kankarowa daga matata, kuma dusar tana riƙe da fosfat mai daraja. Wani daga sashen kasuwanci ya kawo shawarar a riƙa zuba ta cikin takin da ake sayarwa a kasuwannin da ba su da tsauraran dokoki, har da na gabashin Afirka, da hujjar cewa ƙasar waɗannan wurare mai alli ce, tana riƙe kadmiyam ba ta sakar wa shuka. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin shuka ta fi zuƙar kadmiyam a ƙasa mai tsami. Injiniyan ya amsa a rubuce cewa gishirin kulorid a ruwan ban ruwa yana ƙara zuƙar kadmiyam ko a ƙasa mai alli, cewa ƙarfen yana taruwa shekara bayan shekara ba ya tafiya, kuma ma'aunin abinci na duniya ya tsaya a miligiram 0.2 a kilogiram na alkama da 0.4 a shinkafa, ko a wace ƙasa aka noma su. Ya ƙara da cewa 'yan'uwansa suna noman alkama da dawa a yankin Jazira na Sudan, kuma ba zai sa hannu a takardar kayan da ya san an mayar musu da abin da aka cire wa wasu ba. An yanke cewa za a wanke dusar a dawo da asid ɗin da ke cikinta, sauran a zuba a ganguna a miƙa wa kamfani mai lasisin karɓar shara mai haɗari.

Hukunci

A ganina masana'antar ta ɓata wata biyar ne saboda tana neman sinadari kafin ta san asid ɗinta. Salfaid bai gaza don ba shi da amfani ba, an ɗora masa aikin da ba nasa ba ne a ƙarfin asid da bai dace ba, kuma da aka sa shi a gurbinsa shi ne ya rage kuɗin sinadari mai tsada. Rezin ya mutu ne saboda datti, sinadarin ditayo kuma saboda zafi da jan ƙarfe. Da an fara da cikakken gwajin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da zafin tanki a sa'o'i daban-daban, da an hango yawancin wannan. Nasarar hunturu ita ce ta fi haɗari, domin an gina kayan aiki a kan gwajin da aka yi a watanni mafi sanyi na ƙasar da rabin shekararta zafi ne.

Na kuma ga cewa abin da dattijon ya lura da shi bai samu hanyar shiga rahoto ba sai da ya faɗa wa injiniyan baki da baki, tun da takardar sakamako ba ta da gurbin sa'a ko zafi. Yanzu tana da su. Shawarar dusa ita ce mafi nauyi a cikin lamarin duka, kuma na tsaya tare da wanda ya ƙi, domin da an bi ta, da duk wahalar ta tashi ne a kan ɗauke kadmiyam daga gonar Turai a kai shi gonar Sudan.

Yarjejeniyar sayen asid da aka sabunta ta wajabta wa dillali ya bayyana kadmiyam a kan kilogiram na P2O5, ya faɗi asalin dutsen, kuma ba a sauke jirgi sai ɗakin gwaji ya tabbatar. Masana'antar tana tsabtace kason da zai sa kayanta su tsaya ƙasa da 60 da tazara mai kyau, tana tsabtace dukan asid ɗin ne kawai idan mai saye ya nemi ƙasa da 20 ya kuma yarda ya biya bambancin. Kuɗin sanyaya a Yuli da Agusta har yanzu shi ne mafi girma a lissafin layin, kuma ana duba yiwuwar tara asid ɗin da aka tsabtace a hunturu domin a rage aikin bazara.